Gishirin Kawu a Miyar Bakwai

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu bayan girbi, da hantsi, a gidan da aka haife shi, a wani ƙauye tsakanin Gangara da Tanut. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa sun san kansu. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ni kuwa ina koyar da fizik, wato kimiyyar haske da motsi, a wani kolej a Tanut, kuma shi ya ɗora ni a wannan hanya.

Na zauna cikin mata har ranar addu’ar bakwai ina jin abin da ake faɗa a kansa, ina haɗiye amsa saboda kunyar makoki. Yanzu an naɗe tabarmi, zan yi magana.

Akwai masu kukan gaskiya, ba na musu. Tsofaffin da suka yi kiwon awaki tare da shi kafin a kai shi lakwal, wato makarantar boko, sun zo sun zauna shiru, idanu jawur. Amma da yawa sai su ce “Allah Ya jiƙan rai”, Inna, mahaifiyata, ta amsa, sannan su karkata su saci kallon ƙofar ɗakinsa. Daga nan sai raɗa.

“An ce masu ɗauko shi sun ga abu.”

“Kwalabe ne wai, jere. Ko wace da zare, a bakin zaren dutse na lilo.”

“Wata shuɗiya ce shar, ba a taɓa ganin irinta ba.”

“Ai daman idon nan nashi na hagu ba a banza ya mutu ba.”

Wata kishiyar maƙwabciyarmu ma, ba ta ko rage murya ba, ta ce, “Mutum ya yi rabin rayuwa a ƙasar Nasara, ba mota, ba bene, to me ya kawo in ba abin nan ba?” Ba su ce aljanu ba da farko. Kafin ranar uku sun faɗa.

Ranar uku muka yi gumba da waina, aka fita da su sadaka. Faya-fayan suka dawo kusan yadda suka fita. Yaran da kan yi wawa har su ture juna, uwayensu sun kira su gida. A Damargu, ƙasarmu da ta san yunwa da sunanta, ba a maido da abinci, balle abincin mamaci. Inna ta dubi faya-fayan ta daɗe, ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Wato ƙanena ko sadaka ba za ta same shi ba.”

Kawu Auta, ƙanensu, wanda gidan ke hannunsa, shi ya yanke shawara. Ya ce ranar bakwai bayan addu’a za a zuba kwalaben a buhu, a kai bayan tudu a binne, maganar ta mutu. Na gane abin da hakan ke nufi. In aka binne kwalaben nan a ɓoye, gidanmu ne da kansa ya sa hannu cewa tsafi ne, kuma haka za a riƙa ba jikoki labarin Kawu har abada.

To bari in faɗa muku wane ne shi.

Kawu bai taɓa ɓoye aikinsa ba. Duk wanda ya tambaye shi me yake yi a Turai, amsa ɗaya ce: “Hoton gishiri nake ɗauka.” Sai a yi dariya, shi ma ya yi. Da aka ji cewa da hasken iks yake aiki, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda mu nan muke ce wa radiyo, sai aka yanke cewa likita ne. In ya zo hutu, da safe za ka tarar da masu targaɗe da masu ciwon baya a ƙofar gida. Ya fito ya ce, “Jama’a, ni ba likitan mutane ba ne.” Ba mai tashi. Ƙarshe sai ya nemo mota ya raka su Tanut, ya tsaya har a duba su, ya dawo da yamma yana mita cewa an cinye masa hutu. Washegari ya sake.

Ni ban fahimci aikin ba sai shekarar da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare. Na dawo daga Damagaram na shige ɗakin Inna na ƙi fita. Farkon damina ne, gero ya tsiro, Kawu yana gida. Bai yi mini wa’azin haƙuri ba. Ya leƙo ya ce, “Ɗiyata, taso ki raka ni gona, idona ɗaya ne, kar in faɗa rami.”

A bakin gonar ya tsayar da ni ya ce in kalli shuka. Na ce na gani. Ya ce in yi tafiya a hankali ina kallo. Ina tafiya sai na ga layukan sun miƙe tsaf har ƙarshen gona, na ƙara taku suka rikice, na ƙara suka sake miƙewa ta wata fuska. Ya ce haka cikin gishiri yake, da kanwa, da sukari: ƙananan ƙwayoyin zarra ne jere sahu-sahu, kuma duk abin da ke da irin wannan jeri shi ake kira kiristal. Ido ba ya iya ganin jerin. Amma in hasken iks ya shiga, sahun kan juya shi zuwa wasu fuskoki kaɗai, ya bar ɗige-ɗige a inda ya sauka, daga ɗigen a gano yadda jerin yake.

“Wannan an daɗe da saninsa,” in ji shi. “Mu abin da muke nema, mu gan su suna motsi.”

Motsin nan kuwa saurinsa ya wuce misali. Ya ce in da motsi ɗaya zai ɗauki daƙiƙa guda, to ƙiftawar ido sai ta yi shekaru dubbai. Don haka sai da walƙiyar da ta fi motsin gajarta. A labo ɗinsu, wato ɗakin gwaji, suna da leza, haske ne da aka tattara ya zama siriri mai tsananin ƙarfi, yana fita guntu-guntu. Sai su raba ko wane guntu biyu. Rabi ya tafi ya daki kiristal ya girgiza shi. Ɗayan rabin ya zaga ta madubai ya sauka kan wani zirin jan ƙarfe, wurin ya ƙone nan take ya tofar da ’yar walƙiyar hasken iks, ita ce ke isa ta ɗauki hoton girgizar. In ka matsar da madubi ɗaya kaurin gashi, walƙiyar ta makara kaɗan, ka sami hoton abin da ya biyo baya. Haka ake yi ta yi, hoto bayan hoto, har a ga ƙwayoyin sun kaɗa sun koma mazauninsu.

Na ce, “Kawu, don me sai an dake shi?”

Ya ce, “In yana zaune lafiya ba ya gaya miki ƙarfinsa. Sai an taɓa shi ake sanin yadda yake tsaye.” Sannan ya ƙara, “Kuma mafi yawan harbinmu ba ya ba da komai. Mu share madubi mu sake. Ba wanda ke shiga ɗakin uwarsa ya rufe.”

Na yi fushi da shi har muka iso gida. Da aka koma lakwal na koma.

Abin da ya fi alfahari da shi ba hotunan ba ne, girman na’urar ne. Ya ce akwai manyan injinan da ke ba da irin wannan haske, ko wanne ya kai faɗin ƙauyenmu, sai ƙasashe masu ƙarfi ke iya gina su. Tasu kuwa a kan tebur take, ɗaki ɗaya ya ishe ta. Ya kan ce, “Abin da ya shiga ɗaki ɗaya, wata rana zai shiga ɗaki a Damagaram.” Ya mutu bai ga wannan rana ba, kuma bai taɓa janye maganar ba.

Idon hagun da ake raɗa a kansa, a labo ya rasa shi. Kakarmu ta ba shi zoben azurfa irin na Buzaye ranar da zai tafi, ba ya cirewa. Wata rana yana daidaita madubi hasken ya daki zoben ya dawo masa a ido. Tun daga nan, duk inda zai yi aiki sai ya cire zobe da agogo ya ajiye a bakin ƙofa, ko da aikin bai kai ya kawo ba. Jiki ne ya saba.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, matarsa ta riga ta rasu a can, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba leza, ba kuran ma, wato lantarki, sai na ɗan fanon rana, allon tara hasken rana, da ya kafa a soro. Amma hannu ya ƙi zama. Sai ya riƙa sayen gishirin Balma wajen Buzayen da ke zuwa musanyar gero, ya narkar a ruwa, ya tace ya sake tacewa, ya zuba a kwalba, ya rataya ɗan ƙwayar gishiri a zare. Ruwan na ƙafewa a hankali, ƙwayar na girma, garai-garai kamar gilashi, da kusurwoyi kamar an yanka da wuƙa. Ya yi na alam ɗin da muke tsayar da laka a ruwa da shi. Ya yi na wani shuɗin gishirin jan ƙarfe da ya sayo a Damagaram. Ya ce yana son yaran Damargu su riƙe jerin nan a hannu su ga ba labari ba ne.

Kiristal kuwa ba ya son ƙura, ba ya son girgiza. Don haka Kawu ya kafa dokoki. Ba a shiga ɗakin da takalmi. Ba a shara a ƙofar. Ba a taɓa kwalba. Shi kansa sai ya cire zobe, ya wanke hannu, ya shiga yana sanɗa. Kuma ya hana a yi daka a jikin bangonsa, abin da ya haɗa shi faɗa da Inna ke nan, don a nan inuwar gidan take. Takan ce, “Ni da gidan ubana, a kore ni rana saboda gishiri?” Shi kuma ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, suna barci.” Da wasa ya faɗa. Wata mai kawo nono ta ji, ta kai kasuwa.

Ku haɗa su ku gani: ɗakin da ba a shiga da takalmi, mutumin da ke cire zobe ya shiga yana sanɗa, abubuwa a kwalba wai suna barci. Na san kamar me ya yi. Abin da ban yafe ba shi ne, mutumin nan yana sahun gaba a masallaci kullum, ƙofarsa a buɗe, ya yi ta kiran mutane su zo su gani, ba wanda ya tako. Sai da ya mutu kowa ya zama masanin abin da ke ciki.

Tsakaninsa da Kawu Auta kuwa, maganar ta fi kwalba daɗewa. Auta bai yi lakwal ba. Shi ya zauna ya riƙe gida a shekarun fari, shi ya sayar da shanunsa ya ciyar da mu, wannan ba mai ƙwace masa. Da kakarmu ta kwanta ciwon ajali aka aika wa Kawu, ya ce suna tsakiyar wani gwaji da suka daɗe suna jira, zai taso da an gama. Ya iso an riga an yi bakwai. Auta ne ya sa ta a kabari. Kawu ya yi kuskure, ya sani, kuma bai taɓa kare kansa ba.

Na ji su sau ɗaya a zaure, bayan dawowarsa. Auta ya ce, “Da rijiya ɗaya ka gina mana da ta fi hoton gishirinka. Wannan tambayar Nasara ce, su da suka ƙoshi. Mu nan ruwa muke nema.”

Kawu ya ce, “Rijiya gaskiyarka ce, a haƙa, ina ciki.” Kuma da aka tashi haƙawa yana ciki. “Amma ka daina ce mini tambayar Nasara. Gishirin nan a kan raƙumanmu yake zuwa, a tukunyarmu yake narkewa. Mu ɗauko shi, mu ci shi, sanin cikinsa ne kawai za a ce ba namu ba? Don muna jin ƙishirwa ba a cire mana ido ba.”

Auta ya kaɗe riga ya fita. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ana gobe bakwai, da la’asar, Inna ta ja ni ɗakin Kawu. Ta tsaya a ƙofa ta cire takalmi, ita da ta yi shekaru tana zagin dokar. Ta ce, “Ke da kika yi karatunsa, nuna mini waɗanda ake ci.” Na ware mata na gishirin Balma. Na ce, “Banda shuɗin nan, Inna, guba ce.”

Ta zaro ido. “Ashe akwai gubar?”

Na ce akwai, irin wadda ake feshin tsiro da ita.

Ta ce, “To maganin feshin fara ma guba ne, buhu guda yana ɗakin Auta, ba wanda ya ce mishi boka. Ɗauke ta ki ɓoye.”

Da safe maza suka cika ƙofar gida, liman ya ja addu’a aka shafa. Amalanke na tsaye a gefe da jaki, Auta ya riga ya sa an fito da kwalaben cikin buhu. Mutane suka fara neman takalmansu tun kafin a fito da tuwo. Sai ga Inna, tsohuwar da ba ta taɓa tsallake zaure maza na zaune ba. Ni ina bayanta da turmi, wasu mata biyu da tukunyar miyar kuka da ba a sa wa gishiri ba.

Auta ya ce, “Yaya, lafiya? Koma ciki.”

Ba ta ko dube shi ba. Ta sa na dire turmin a jikin bangon ɗakin Kawu ta waje, ta kwance buhun, ta riƙa zaro zarurruka tana tsinke duwatsun gishirin da na ware mata cikin turmi. Da ta kai kan babban cikinsu, na matso kusa da ita. Ya kai girman ƙwan zabuwa, Kawu ya yi shekaru yana renonsa, kuma ya ce nawa ne, in kai wa ɗalibaina. Na ce a hankali, “Inna, banda wannan.”

Ta ce, “Wannan ne ma na farko.” Ta ɗaga shi rana ta ratsa shi, kowa ya gani, ta lasa, ta jefa. Ta karɓi taɓarya. “Ya hana ni daka a jikin bangon nan yana da rai. Yau zan daka.”

Ban taɓa jin shiru irin na ƙofar gidan nan ba, sai ƙarar taɓarya. Na ji zafinsa har cikin ƙashina, na yi kuka, ba na ɓoyewa. Ta kwashe garin ta zuba a miya a gaban jama’a, ta juya, ta zuba a kan tuwo, ta ɗauki akushin da kanta ta ajiye gaban liman.

Ta ce, “Allah gafarta Malam, kai ka yi mishi salla. In matsafi ka yi wa, faɗa wa jama’a yanzu su sani. In Musulmi ka yi wa, ga sadakarsa.”

Liman ya dubi akushin, ya dubi jama’a. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tauna a natse, ya haɗiye. Ya ce, “Hajiya, gishirin ya ɗan yi yawa.”

Tsofaffin abokan kiwon Kawu suka fashe da dariya, suka matso suka sa hannu. Wasu suka bi. Wasu kuma suka sulale, kuma na ga fuskokinsu, ina riƙe da su.

Auta bai motsa ba. Inna ta kai masa nasa akushin. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Bai zo ya binne Iya ba.”

Inna ta ce, “Bai zo ba. Ni ma na daɗe ban yafe mishi ba. Wannan ka faɗa, gaskiya ce, ka faɗe ta duk inda kake so. Amma ita za ka faɗa, ba aljanu ba.”

Auta ya ɗaga kai ya dube ta. Sannan ya janyo akushin, ya ci yana hawaye, har ya suɗe hannu. Jakin kuwa aka kwance shi, bai je ko’ina ba.

Da kowa ya watse na kankare ɗan garin da ya maƙale a gindin turmi, na ƙulle a bakin zane. A Tanut na sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma na kira ɗalibaina. Ɓarɓashin nan, duk da dakan da ya sha, a kan kusurwoyinsa ya tsage, tsaf irin na uwarsa. Na narkar da shi, na ƙara da na kasuwa, na tace, na rataya zare. Ƙwayar ta kama, tana girma.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa lattin da ya yi wa mahaifiyarsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da idonsa biyu. Ya ba Inna tsawon rai, Ya sanyaya zuciyar Auta.

Kwalbar tana kan tagar ɗakina, ban rufe ta da komai ba. Kwanan baya wata maƙwabciya ta tare maigidana a hanya tana tambaya, wai me Madam, wato ni, ke kiwo a kwalba. Na ce ya gaya mata ta zo da kanta, ta cire takalmi a ƙofa, kuma ta taho da tukunyar miyarta.